Gurbin Likitan Haƙori

Kildare, ƙasar Ailan

Kawu Jatau,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya ƙafar taka? Yaya Inna Delu da yara? Ni lafiya lau, sanyi ne kawai ke tsattsaga mini hannu. In an sami mai zuwa, a aiko mini da man kaɗanya.

Uwargijiyata Madam Keogh, mai gidan dawakin da nake aiki, tana da doka: wanda ya kama gurbi a horon hawan doki na Asabar, ya zo ya fasa a ƙurarren lokaci, kuɗinsa ya tafi. Ƙaninta ma ba ta ɗaga masa ƙafa ba. Makon jiya wani likitan haƙori ya bugo waya da safe, wai mura yake yi, ba zai zo ba.

Ta ce, "Kai ke murar ko dokin, Declan? Kai? To ai ba da ƙafarka za a yi sukuwar ba. Allah ya sawwaƙe, amma sisi ba zai dawo ba."

Ta ajiye waya ta dube ni, ina riƙe da shebur.

"Mantau, an riga an biya wa sirdin nan. Ajiye wannan ka hau."

Kawu, gara ka sani: shekara bakwai kashin doki nake kwashewa, ban taɓa hawa a gaban mutane ba. Malamar horon, wadda aka ɗauko daga Jamus, ta kalle ni na zagaya sau uku, ta tambayi wanda ya koya mini zama haka. Na faɗi sunanka. Ta sa na yi ta maimaitawa har ta iya faɗa.

Allah ya ƙara maka lafiya.

Ɗanka,
Mantau