Mutum-mutumin Marigayi Bai Daina Zuwa Ba

Anti mai shawara, don Allah ki taimake ni, abin nan ya fi ƙarfin kaina.

Maigidana gyaran rediyo ya yi shekara talatin. Da hannunsa ya fara rawa ya rufe shago, sai ya sayo wani kwali na kayan haɗa mutum-mutumi, wai zai koyi rubuta wa na'ura umarni. Tayoyi biyu, wayoyi, da ɗan allo kamar kwalin ashana, wai shi ne ƙwaƙwalwar. Na yi ta tsokanarsa, tsofai-tsofai da wasan yara. Wata huɗu ke nan da rasuwarsa.

Kullum ƙarfe huɗu na yamma abin nan sai ya fito daga ƙarƙashin teburin marigayi, ƙiii, ya bi baranda, ya zo gaban kujerata ya tsaya. Ya kunna jar fitilarsa, ya yi ƙara sau uku, ya koma. Da maigidan yana raye ban taɓa ganin abin ya yi haka ba. Ranar farko cokali ya faɗi daga hannuna. Makon jiya na mayar da kujerar ɗakin ɗinki don in gwada shi. Anti, can ya same ni.

Ƙanwar marigayi ta ce a ƙone shi. 'Yata kuma tana so ta kai wa jikata ta koya da shi, amma ta ce da an saka sabon umarni na babanta ya goge har abada, kuma kwamfutarsa ta lalace, babu kwafi. Ga abin kunyar da ban faɗa wa kowa ba: tsoronsa nake ji, amma ni ce nake sa masa caji. Na daina fita da yamma. Har haihuwar 'yar yayata ban je ba, don kada ya zo bai same ni ba. In ba da shi?

Mai jiran ƙarfe huɗu

Baiwar Allah, Allah ya jiƙan maigida, ya ba ki haƙuri.

Na tambayi wata malama mai koyar da irin wannan aiki. Ta ce a allon ana iya sa agogo, har da ranar da abu zai fara, kuma akwai ɗan idon da ke gane ɗumin jikin mutum. Wataƙila da maigidan ya ji jikinsa ya tsara miki wannan. Yadda abin ya kai ɗakin ɗinki kuwa, ta ce sai ta gani da idonta, ni ma ba zan yi miki ƙarya ba.

Kada a ƙone shi, aikin hannun mijinki ne. Ita ma 'yarki tana da gaskiya, an yi kayan ne don koyo. Allon ana cire shi, sai a samo wa jikarki sabo, na marigayi ya zauna a wurinki yadda yake.

Abin da ya fi damuna ke ce. Wanda ya ƙera shi ba zai so ya zama igiya a ƙafarki ba. Gobe ƙarfe uku da rabi ki ɗauki mayafi ki je ki ga jaririn nan, ki bar shi ya zo ya tarar da kujera babu kowa. In kin dawo kin same shi ƙarƙashin tebur, to na'ura ce, ki kwantar da hankalinki. In kuwa a bakin ƙofar gida kika tarar da shi, ki sake rubuto mini.

Allah ya sanyaya miki zuciya.