Wainar Dankalin Inna

Limancin Kona,
Birnin Zariya,
Oktoba, 1976.

Zuwa ga Yayana, Malam Jibril, a Legas.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da ladabi irin na ƙane ga wansa, da roƙon Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya lulluɓe iyalinka da sutura, ina neman gafara bisa kutsowa cikin hidimominka da wannan takarda. Mu nan gida kalau muke, in ban da Inna da ƙafafunta suka yi nauyi tun tsakiyar damina.

Kaka ta shigo, Lado mai yi mana noma ya kawo dankalin farko daga fadamarmu. Ka san abin da ke biyo baya. Inna ta sa aka dafa, aka kirɓa a turmi, ta kwaɓa da garin alkama da ƙwai da man shanu da zuma da 'yar citta, ta zuba a tsohuwar tukunyar ƙarfenta, garwashi ƙasa, garwashi kan murfi. Matata Sailuba ta roƙe ta ta bar mata gashin, ta ƙi. Ina kallon Inna durƙushe a gaban murhu, baiti ya zo mini:

Garwashi a ƙasa, garwashi a bisa,
Tsakani, zuciyar uwa aka gasa.

Yaya, bara da muka aika maka wainar nan ta hannun direba, ka ce a gaya mata ta iso da fumfuna, kuma Legas cike take da kantunan kek, ta daina wahalar da kanta. Na isar da saƙon yadda ka faɗa. Sai ta juya ta ci gaba da tsince wake.

Ka sha gaya mini cewa Inna ba ta taɓa sakar maka fuska ba. Kai da ka yi karatu har ƙetare, ashe kunyar ɗan fari ta ɓace maka? Tun da ta haife ka bakinta bai kama sunanka ba, sai dai ta ce “wancan”. Abin da harshe ya hana ta, shi take zubawa a tukunya kowace kaka. Ni da nake kai ta asibiti, nake gyara mata indararo, ƙonannen gefe ne rabona tun muna yara, tsakiyar kuwa ta wancan ce. Ban taɓa ƙorafi ba sai da na ga an raina tsakiyar.

Ga dalilin takardata. Da ta sauke tukunya, ta juye wainar a akushi, ta rufe da faifai, ta ce bana ba za a ba direba ba, kuma kada wuƙa ta taɓa ta sai Jibril ya zo. Haka ta kama sunanka, a gaban surukarta, ba ta ko sunkuyar da kai ba. Sailuba ta shige ɗaki tana kuka. Ni da ita mun san macen da ta riƙe kunya tun ƙuruciya ba ta sakinta sai ta ji tafiya ta matso.

Ka gaishe mini da Yaya Asabe da su Zailani. Baba Audu na Gyallesu yana gaishe ka.

Ina roƙonka ka rubuto da hannunka, cikin gaggawa, ranar da za ka hau jirgin ƙasa. Waina ba ta jure jira, kuma ban san ko mai gashinta za ta fi ta juriya ba.

Ni ne ƙanenka,
Mika'ilu.