Zoben Awon Kawa

Mama,

Gaisuwa mai tarin yawa. Yaya ƙafarki? Yaya 'yata Ugne? Ni lafiya lau. Sanyi ya tsattsaga mini hannu, amma kowa a nan haka yake, kada ki damu. Ki dai saƙo mini safar hannu.

Mun koma kamun kawa a kogin Fal, 'yar halittar ruwan nan mai ɓawo biyu da ake ci. Kin san ba a yarda da jirgin ruwa mai inji ba, sai mai tafiya da iska. Jiya da hazo ya yaye, sai ga jiragen duka, jajayen ƙyallayensu na kama iska a buɗe, suna tafiya shiru kamar masu shiga coci. Na daɗe ina ganin wannan, amma sai da na tsaya ina kallo.

Na ɗago raga, na tsinci wata kyakkyawar kawa. Tsoho Denzil, mai jirginmu, ya miƙo zoben tagullar da muke awo da shi. Ta zurare ta ciki, wato ba ta isa kamu ba tukuna.

Na ce, "Haba Baba, kaɗan fa ya rage!"

Ya ce, "Ke da haɗama! Mayar da ita. Da kakana bai mayar da kakarta ba, me za ki tsinta yau?"

Na jefa ta ruwa, zuciyata tana wajen Ugne.

Na yi alkawarin ɗauko ta bana. Amma ɗakina ba ɗumi, kuma a ruwa nake yini. Ki ƙara riƙe mini ita, Mama, Allah ya saka miki da alheri. Ita ma har yanzu tana wucewa ta zobe.

'Yarki,
Vaida