Kitson da Ban Iya Ba

Daren Talata, unguwar Kumbiya-Kumbiya.

Tun da jijjiga ta kama 'yata Hauwa'u wajen haihuwa, jaririn ya zo ba rai, barci ya ƙaurace mata, fitilar ɗakinta kan kwana a kunne. Na yi ta nasihar haƙuri, sai dai ta sunkuyar da kai.

Yau na tuna mahaifiyarta, Allah ya jiƙanta. Zamaninmu a unguwar Bolari, idan mace ta rasa ɗa, marigayiyar takan je ta yi mata kitso, ba ta cewa komai har matar ta yi magana da kanta. Ni ban iya kitso ba, sai na zauna kusa da Hauwa'u, na yi shiru.

Can ta ce, "Baba, tsoro nake ji. Raunin imani ne?"

Na ce, "A'a, ciwo ne. Gobe zan raka ki wurin likitar damuwa."

Yanzu fitilar ɗakinta a kashe take. Alhamdu lillahi.