Wasalin da ya goge a Alƙur'anin Kakana

Assalamu alaikum jama'ar gidan nan. Admin don Allah a ɓoye sunana, sunayen da ke ciki ma duk na canza su. Don Allah ku ba ni shawara, don na tono abin da ya fi ƙarfin kaina, kuma ni da hannuna na tono shi.

Ni ma'aikacin lab ne a wani asibiti a unguwar Ulaya da ke Riyadh, shekarata shida a nan Saudiyya. Tun muna yara labarin da muka sani a gida shi ne kakanmu Malam Idi ya tafi Hajji a ƙasa tare da ƙanensa Baffa Sule, lokacin Babanmu yana ɗan shekara uku. Bayan shekara biyu Baffa Sule ya dawo shi kaɗai, ya ce Malam ya rasu a Sudan, da hannunsa ya sa shi a kabari. Shaidar da ya kawo rabin Alƙur'anin Malam ne, rubutun hannu, irin mai warwaren takardu a cikin gafaka, ya ce sauran ruwa ya ci a hanya. Kakarmu Inna Hauwa ta yi takaba, daga baya Baffa Sule ya aure ta, ya riƙe Baba kamar shi ya haife shi, suka ƙara haihuwar 'ya'ya huɗu. Baba bai san wani uba ba sai shi, don haka ma da aka haife ni sunansa ya sa mini.

Wata biyar da suka wuce wata tsohuwa ta zo a ɗebi jininta, baƙa, Larabci zalla take yi da 'yarta, iƙama ma, wato takardar izinin zama, ba ta buƙata don 'yar ƙasa ce. Ta ga sunana a ƙirjin riga sai ta juya Hausa, irin tsohuwar Hausar nan da ko a ƙauye an daina ji. Ta tambayi garinmu na faɗa, ta tambayi unguwa na faɗa, sai ta ce ai mahaifinta ɗan unguwarmu ne, Idi sunansa. Ni dai na yi mata dariyar ladabi. Wanda ya zauna a ƙasar nan ya san yadda dangi ke tsirowa da zarar an ji kana da shugul, wato aiki, mai kyau, kuma Idi a garinmu sun fi a ƙirga. Na karɓi lambarta don kunya kawai, na yi sati uku ban kira ba.

Da na je gidanta a unguwar Suwaidi, tsohuwar, Hajiya Maryama, ba ta roƙe ni komai ba, kuma wallahi hakan ya ƙara sa ni zargi, na zauna ina jiran inda za a ɓullo. Ta sa aka kawo gahawa, ta ɗauko wani ƙunshi a farin ƙyalle. Rabin Alƙur'ani ne rubutun hannu. Masu irin wannan rubutu sukan sa kalmar farko ta shafi na gaba a ƙasan kowace takarda don kada a rikita jeri. Na sa yayana a gida ya ɗauko mini hoton takardar ƙarshe ta rabin da ke wajen Baba, ban gaya masa dalili ba. Kalmar da ke ƙasanta ita ce ta buɗe rabin Hajiya. Hannu ɗaya, tawada ɗaya, har jan da ake zagaye ƙarshen aya da shi. Ashe ruwa bai ci komai ba.

Duk da haka ban saki jiki ba, na ce littafi ana iya saya, ana iya tsinta a kayan mamaci. Sai ta nuna mini takardar izinin binne mahaifinta, da sunansa da na ubansa daidai da na kakanmu, an binne shi a makabartar Al-Oud kusan shekara ashirin bayan ranar da aka ce ya mutu a Sudan. Na ɗauki hutu na je da kaina. Kun san kaburburan ƙasar nan ba suna, duwatsu ne kawai a jere. Wani ma'aikaci ya duba takardar ya nuna mini ɓangaren da hannu, ya ce nan wajen ne, amma wane ne a ciki sai Allah. Na tsaya cikin rana na yi addu'a ina jin haushi, ban ma san wa nake jin haushin ba.

Abin da ya hana ni sukuni yana bayan takardar ƙarshe ta rabin Hajiya. Malam ya rubuta haihuwar 'ya'yansa da ajami, sunan Baba ne na farko, ranar Laraba, sannan na Hajiya. A ƙasa akwai layi ɗaya, wasullan sun goge, baƙaƙen ne kawai suka rage. Wani malami ɗan Kano da ke karatu a nan ya karanta mini, "Na ba Sule sakin Hauwa." Wani dattijo direba da ya yi allo sosai ya duba ya ce a'a, "Na ba Sule saƙon Hauwa" ne, don mutanen da can ba su cika bambanta harafin ka da na ƙa a rubutu ba. Na kai wa na uku ya ce duka biyun suna karantuwa.

In saki ne, to Malam ne ya yar da matarsa da ɗansa ya zauna a nan, Baffa Sule ya yi ƙarya don ya rufa wa Inna asiri, aurensu kuma ba abin da ya taɓa shi. In saƙo ne, wataƙila aiko shi aka yi ya ɗauko su, shi kuma ya kashe yayansa da baki ya aure masa mata. Hajiya ta ce mahaifinsu har ya rasu ba ya son a ambaci Sule, kuma duk shekara lokacin Hajji yakan tafi Makka ya yi ta tambayar alhazan garinmu. To in neman iyalinsa yake, shekara ashirin ba alhaji ɗaya da zai ba wasiƙa? Ita ma ina lura da ita, duk sanda na tambayi yaushe aka auri mahaifiyarta sai ta ce a ƙara mini gahawa.

Na gaya wa yayana muka yi faɗa sosai. Ya ce in rufe bakina, gwaggonninmu biyu 'ya'yan Baffa Sule suna raye da jikokinsu, in maganar ta fita mutanen gari ba za su tsaya duba wasali ba, sunan da za a kira su da shi kowa ya sani. Na ce Baba fa yana da 'yar'uwa uba ɗaya, ba ni da ikon ɓoye masa ita. Ya ce da ma tun ina yaro na cika bin diddigi, ga shi na jawo mana. Tun ranar gaisuwa kawai muke yi.

Yanzu Baba ya haura saba'in, ga hawan jini, kuma nan da sati uku zai zo Umra, ya ce sai ya biyo Riyadh ya ga ɗakina. Hajiya ta sani, kullum sai ta kira ta ce, "Yaushe ɗan'uwana zai iso?" Ta ce ba ta son komai sai ta ga fuskarsa, ni kuma har yau ban gama yarda da ita ba. Jiya Baba yake ce mini in ya je Ka'aba zai yi wa iyayensa biyu addu'a, wanda ke kwance a Sudan da wanda ya raine shi.

Jama'a ya zan yi? In haɗa shi da Hajiya in ɓoye layin nan, alhali ganinta kaɗai ya isa ya gane Baffa ya yi ƙarya? Ko in yi shiru in ce mata tafiyar ta fasa? Daga gidana zuwa kasuwar Batha inda ya ce in kai shi sayen tsaraba, ta jikin katangar Al-Oud ake bi. Ban san yadda zan tuƙa shi ta gaban kabarin ubansa ina masa hirar farashin dabino ba.