Rumbun Kaka na Bulon Roba

Zuwa ga mahaifina, Baba Yohanna, wanda ya riga mu gidan gaskiya,

Gaisuwa mai yawa da ladabi, cikin sunan Ubangijinmu. Ina fata kana hutawa lafiya a inda ba a busa jiniyar masaƙa, ba a kuma tashin mutum aikin asuba. 'Yarka ce Rifkatu, wadda ka ce bakinta ya fi ƙafarta sauri. Bakin yana nan yadda ka bar shi, ƙafar ce dai ta fara yi mini gardama. Gida lafiya, jikokinka da 'ya'yansu duk lafiya.

Na san wasu za su leƙa wasiƙar nan. To su leƙa, ba abin kunya a ciki. In ma akwai, naka ne, don kai ne magidanci mai 'ya'ya har da gemu da ya zauna yana wasa da kayan yara a tsakiyar unguwar Kakuri.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne, shekaranjiya na taka wani ɗan bulon roba na jikana, ƙafa ba takalmi. Na buɗe baki zan yi masifa, sai na ga na ɗauke shi ina goge masa ƙura da bakin zanena, yadda kake yi. Nan na zauna a ƙasa, aikin da ban ƙarasa ba ke nan ranar.

Ka tuna yadda abin ya faro? Farkon shekarun tamanin ne, kana gyaran inji a masaƙa. Wani Bature injiniya da zai koma ƙasarsu ya ba ka gwangwanin biskit cike da su, ya ce ka kai wa yara. Ka kawo, ban ce ba ka kawo ba. 'Yan bulo ne ƙanana, ja da shuɗi da rawaya da fari, kowanne da 'yan ƙulle-ƙulle a kansa da ka raɗa wa suna haƙora, in an danna wani a kan wani sai su kama juna. Mun gani, mun taɓa, sai ka ce a miƙo ka nuna mana yadda ake yi. Har muka yi aure muka bar gida ba ka gama nuna mana ba.

Daga nan kasuwar Litinin ta shiga uku da kai. Kana tashi aiki sai wajen 'yan gwanjo, ka tsuguna kana tona buhun tsofaffin kayan wasa kamar kaza a juji, in ka samo guda biyu ka dawo gida kana fito. 'Ya'yan manyan ma'aikata a kwatas kuwa sun san ka, don kana musanya musu ƙuli-ƙuli da bulon da suka gaji da shi. Mama ta kan ce, "Mazan mutane suna tara bulon siminti, nawa yana tara na roba." Kai kuma ka ce mata naka ba ya jin tsoron damina.

Asabar da yamma ranar wanka ce. Ruwa mai ɗumi a baho, sabulu kaɗan, tsohon buroshin haƙori, ka bi su ɗaya bayan ɗaya, sannan ka baza su a faifai a inuwar gwaiba. Kowane launi da gwangwanin madararsa. Dokokinka kuwa mun haddace su kafin mu haddace goma na Annabi Musa: ba a shanya su a rana don suna koɗewa, ba a raba su da haƙori, ba a kuma sa musu gam. Wannan ta ƙarshen ita ce babba. Ka kan ce, "Bulon da aka manne ya mutu, don ba zai sake zama wani abu ba." Ni dai na taɓa cizon ɗaya, kuma kunnena bai manta ba.

Waɗanda suka fashe ka ware musu nasu gwangwanin, ka kira shi asibiti. Su kaɗai kake yarda ka yanka da ƙaramin zarto, ka goge da fayil na goge ƙarfe, ka shafa musu ragowar fentin mota da maƙwabcinmu Oga Chidi makanike yake ɗebo maka a murfin kwalba. Da su ka yi bas mai rubutun "Allah ya kiyaye" a goshi, ka yi jirgin ƙasa, ka yi gadar kogi. Oga Chidi ya kan leƙo ya ce, "Oga Yohanna, wannan bene na tururuwa ne? Nawa kuɗin haya?" Lafiyayyen bulo kuwa, ko da wasa zarto bai taɓa kusantarsa ba.

Ana nan sai aka kawo Kaka, mahaifiyarka.

Yanar ido ta rufe mata gani gaba ɗaya, ƙanenka da yake tare da ita a ƙauye ya rasu, gidan ba kowa sai ita da awaki. Ka je ka ɗauko ta zuwa ɗaki da falonmu, inda jirgin ƙasa yake girgiza kwanon rufi, maƙwabta kuma suna faɗa a bakin famfo da yaren da ba ta ji. Ta zo da wani ƙunshi a tsohon zane, ba ta yarda kowa ya taɓa shi. Kullum gari ya waye sai ta lallaɓa bakin ƙofa, ta ɗora shi a cinya, ta ce da yarenmu, "Yau wa zai kai ni tasha?"

Abinci kuwa sai ta taɓa ta ture. Muna kallo wuyanta ya zama kamar sillen kara. Fasto ya zo ya yi addu'a, zumuntar mata suka zo suka yi waƙa har da tukunya da kacau-kacau, ta gode musu sosai, sannan ta tambaye su ko akwai mai kai ta tasha. Ran nan Oga Chidi ya tsinto ta kusa da layin dogo, sanda a hannu, ƙunshi a ka. Na ji tsoro ranar, Baba, kuma na ga kai ma ka ji. In ka mayar da ita, wata rana wuta ko rijiya za ta ci ta. In ka riƙe ta, yunwa da kewar gida za su ƙarasa ta a gabanka.

Sai ka ce tun da ba za ta je gida ba, gida zai zo mata. Ka juye gwangwanayenka a kan tabarma ka fara gina gidanku na ƙauye. Ka dame Oga Chidi sai ya haɗa maka fenti mai kalar jar ƙasa, ka yi jinka da tsintsiyar laushi. Mama ta tsaya kanka ta riƙe ƙugu, ta ce, "Matar da ba ta gani kake yi wa fenti?" Ka ce mata kai ai kana gani.

Ka ɗora mata shi a cinya a kan tire. Ta shafa, ta sake shafawa. Amma hannun tsohuwa mai noma ba hannun mai gyaran inji ba ne. Tana danna katanga sai ta wargaje, jinkar ta faɗa ciki, bulo ya watsu har ƙarƙashin gado. Ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi, "Ka gani ko? Can ma haka yake yi tun da na bar shi." Ranar ko ruwa ba ta sha ba, kai kuma ka durƙusa kana tsince bulo.

Washegari ka dawo daga aiki da gwangwanin gam na masu gyaran takalmi.

Na ga lokacin da ka ɗauki lafiyayyen bulo ja, wanda ka yi wata kana nema, ka sa masa zarto don katangar ta lanƙwasa yadda ɗakunanmu na ƙauye suke. Ni kuwa da bakina, na ce ashe dokar ta yara ce kawai. Ba ka ko ɗago ba, ka ce in riƙe maka wannan gefen har gam ɗin ya kama.

Wannan karon gidan ya tsaya. Kaka ta bi shi da yatsa daga ƙofar gida, ta sami turken awaki, ta sami dutsen niƙa, ta gyaɗa kai. Sai yatsanta ya ci karo da rumbu a tsakar gida. Ta ja tsaki mai tsawo, ta ce, "Wa ya fitar mini da rumbu waje?" Ashe a wajenmu rumbun mace a cikin ɗakinta ake gina shi, bayan murhu, don hayaƙi ya kori ƙwari, kuma namiji ba ya leƙa shi, ko da ɗan da ta haifa ne. Na tsakar gida na maigida ne. Kai ka bar ƙauye kana yaro, ka san cikin kowane inji a masaƙa, amma ba ka san inda bakin rumbun uwarka yake kallo ba.

Ta wanke ka tas. Tun da ta zo ba mu taɓa jin ta yi magana mai tsawo haka ba. Ta yi faɗa har maƙogwaronta ya bushe ta ce a ba ta ruwa, Mama ta yi wuf ta tura mata kwanon tuwo kusa da hannu, ta ci tana faɗa ba ta ma san tana ci ba. Da safe ta zauna bakin ƙofa da ƙunshinta kamar kullum, amma abin da ta ce shi ne, "Tashar ta jira. Sai na gyara wa yaron nan aikinsa, kada a ce ɗana ne ya yi."

Haka aka shiga gyara. Kana dawowa aiki tana jiranka da ƙorafi. Kuma tun da an manne, kowane gyara sai ka sa kurfi ka ɓalle, bulon da ya ɓallu kuwa ya tafi ke nan. Muna gani gwangwanin ja ya ƙare, na rawaya ya bi shi. Ka rushe bas ɗinka, ka rushe jirgin, ka rushe gadar. Ban taɓa jin ka yi ƙorafi ba, sai dai Asabar da yamma ka kan zauna ƙarƙashin gwaibar da baho ba komai a ciki, sannan ka tuna ka tashi.

Kada ka ɗauka ban gane wayonka ba. Ka gyara ƙofar rumbu yau, gobe a tarar akurkin kaji ya koma hagu. A gyara akurki, sai randa ta ɓace daga bakin ɗaki. Mama ta gane, tana toshe baki da zane tana dariya. Ina jin Kaka ma ta gane, don ta taɓa ce maka, "Yohanna, ko dai ba ka da kai, ko kuma ya yi maka yawa."

Amma bulo ya ƙare, kuskure ma ya ƙare. Wata Lahadi bayan mun sauko daga sujada ka ɗora mata gidan, ta bi shi lungu-lungu, ta koma ta sake bi, ba ta sami abin tsaki ba. Kowa a falon ya san abin da ke biye da gama gyara, wato maganar tasha. Sai ta ce a miƙo mata ƙunshinta. Na dube ka na ga ka sunkuyar da kai kana murza hularka.

Ta kwance shi a gabanmu, karo na farko. Zane biyu ne a ciki, da wata 'yar gora da aka toshe bakinta da tsumma. Acca ce, irin da ta zaɓa da hannunta a girbinta na ƙarshe, wanda take nufin ta koma ta shuka. Ta ɗebo kaɗan da yatsu, ta lalubi bakin ɗan rumbun nan na roba ta zuba, ta ce ka kau da kai, ba a leƙawa. Ka kau da kai. Sannan ta miƙa wa Mama gorar ta ce a surfa a yi gwate, a sa yakuwa da yawa. Mama ta ce mata iri ne fa. Ta ce ta sani.

Mun ci gwaten nan a kwano ɗaya, Kaka har ta nemi ƙari. Kai kaɗai ne ba ka ci ba. Ka fita bayan gida ka zauna a kan bulon siminti kusa da famfo, ka juya mana baya, kafaɗunka suna motsi. Na ji haushinka ranar. Na ce mutum ya kashe duk abin da ya tara don uwarsa ta zauna, ga shi ta zauna, sai kuma ya ƙi cin abinci?

Yarinta ce, Baba. Sai da na girma na san manomi ba ya cin irinsa sai ya sallama gona. Mu mun ga tsohuwa ta ci ta ƙoshi, kai ka ga uwarka ta haƙura da gidanta saboda kai, kuma kai ka roƙe ta da hannunka. Ta ƙara shekaru tare da mu, ta yi ƙiba, ta koyi zagin maƙwabta da Hausa, ba ta sake ambaton tasha ba. Amma na lura, duk lokacin da hadarin farko ya haɗu ta kan ɗaga hanci tana shaƙar iska, kai kuma ka kan tashi ka bar ɗakin.

Akwai abin da na daɗe ina so in gaya maka, don ba ka ɗanɗana ba, ba wanda kuma ya iya yi maka maganar. Gwaten ya yi daɗi, Baba. Ban taɓa cin mai daɗinsa ba. Kuma Kaka tana ci tana murmushi, na gani da idona, ba murmushin mai haƙuri ba ne kawai. Da ka juyo ka gani.

Ina kewarka sosai. Ubangiji ya ba ka hutawa, ya zaunar da kai kusa da Kaka a inda idonta ya buɗe. Ya share maka hawayen ranar nan da hannunsa. Mu kuma ya ba mu 'ya'yan da za su iya rabuwa da abin da suke so saboda mu, ya ba mu zuciyar da za mu saka musu kamar yadda ta saka maka. Amin.

Ni ce 'yarka mai baki,
Rifkatu