Gurbin Sifiri

Yayata abin ƙaunata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ciwon gwiwar? Allah Ya ƙara sauƙi.

Yaya, da na iya kallon idonki da ban rubuto wasiƙa ba. Maganar magatakardan makarantarki ce, wanda kika dakatar saboda yarinyar da ta zo karɓar katin jarrabawa, manhajar da na rubuta muku ta ce babu sunanta. Kin tuna a gaban malamai na karkace hula na ce kwamfuta ba ta kuskure, shi ne dai bai shigar da sunan ba. Ya sunkuyar da kai.

Ya shigar, Yaya. Sunan yana nan, shi ne ma na farko.

Kwamfuta tana jera sunaye, kowanne da lambar gurbinsa, kuma in an nemi suna, lambar take dawowa da ita. Sai dai daga sifiri take fara ƙirge: na farko sifiri, na biyu ɗaya. Ni kuwa, gwaninki da kike yi wa baƙi alfahari da shi, na rubuta cewa in sifiri ya fito a ce babu. Da na gwada, sunayen tsakiya na yi ta nema, ban taɓa na sama ba ko sau ɗaya.

Kada ki ɗauka kirkina ne ya sa na bincika. Shekaranjiya dattijon nan, magatakardan, ya zo ofishinmu da sabon littafi da biro, ya zauna a bakin benci, wai in koya masa kwamfuta don kada ya sake jawo miki abin faɗa. Shekara ashirin yana riƙe da rajistarku! Na buɗe jerin zan nuna masa inda ya kauce, sai ga sunan yarinyar a sama yana kallona. Na rufe, na ce masa na'urar ta yi zafi. Har godiya ya yi mini.

Bayan ya tafi na sake buɗe manhajar.

Na gyara layin da na yi kuskuren a cikinta, minti biyu bai ci ba. Don Allah ki mayar da shi aikinsa. Ranar Litinin ina tafe. Ki tara malaman da aka tara a kansa, kada ki rage ko ɗaya, kuma a ba shi kujera. Ni zan tsaya a gabansu in faɗi laifina.

Ki gaishe da kowa.

Ƙaninki,
Auta